"Ya aiki? Da godiya": wai wannan godiyar ce ta kashe mu?

Kwanakin baya ɗan yayata ya zo min yini, yaro ne da ya gama jami'a ya yi bautar ƙasa, yau shekara uku kenan yana yawo da takardu a jaka. Muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar sai wani dattijo maƙwabcinmu ya zo wucewa yana tura kekensa don tayar ta sace, na ce Baba ya aiki, ya ce da godiya, na ce ya zafi, ya ce lokacinsa ne, ya wuce abinsa. Yana yin gaba sai yaron nan ya juyo ya ce min, Kawu wallahi wannan godiyar ce ta kashe mu a arewa, mutum bai ci abincin rana ba, ba wuta ba ruwa, asibiti ba magani, amma kana tambayarsa sai ya ce da godiya, to wanda ya ce da godiya me kuma za a gyara masa, ai ya riga ya sa hannu cewa komai daidai ne.

Ban ba shi amsa nan take ba saboda maganar ta shige ni, kuma ba zan ce babu gaskiya a cikinta ba. Ka bi gaisuwarmu ɗaya bayan ɗaya ka gani. Ina gajiya, ba gajiya, alhali mutumin ya wuni yana ɗaukar buhu a kasuwar Dawanau ko yana tura baro a kasuwar Singa a Kano. Ya jiki, da sauƙi, ko da majinyacin ko kai ba ya iya ɗagawa. Ya ruwa, ya yi gyara, ko da daren jiya katangar gidansa ce ta zube. Har gidan rasuwa ka je ka ce ya haƙuri, a ce maka da godiya. Babu wata gaisuwa da aka bar maka ƙofa ko 'yar ƙarama da za ka ce a'a yau kam ba daɗi. Mun taso a haka tun muna yara har abin ya zama kamar numfashi, bakin yana faɗa kafin ma zuciya ta ji tambayar.

Amma duk da haka ni ban yarda godiya ce ta kashe mu ba, kuma na daɗe ina juya maganar a raina shi ya sa na ce bari dai in rubuta. Abin da ya cuce mu shi ne an ɗauki godiya an ɗaure ta da yin shiru an mayar da su abu ɗaya, har ya zama in ka yi ƙorafi wai kai butulu ne, in kuma ka ce alhamdulillah wai ka yafe haƙƙinka. Matasa irin ɗan yayata sun ga haka sai suka tsani godiyar baki ɗaya, manya kuma suka ga matasa na ƙorafi sai suka ce yaran zamani ba su da tawakkali. Kowa ya kama ɓangare ɗaya ya saki ɗaya.

Bari in fara da abin da na gani da idona, lokacin canjin kuɗi. Duk wanda yake Najeriya a farkon 2023 ba sai an ba shi labari ba. Babban Bankin ƙasa ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar tun Oktoban 2022 cewa za a sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1000, aka sa 31 ga Janairu a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, mutane suka kwashe tsofaffin kuɗi suka kai banki, sababbin kuma suka yi ɓatan dabo. Ga kuɗinka kana gani a waya amma ko barkonon naira hamsin ba za ka iya saya ba. Layin ATM tun kafin asuba, wasu a can suke kwana da tabarma, masu POS kuma sai ka bar musu dubu biyu kafin su ba ka dubu goma, in ma an samu. Taransifa ka yi ta maƙale, an cire a wajenka ba ta shiga wajen mai kaya ba, ka tsaya kana nuna masa waya yana nuna maka tasa, duk ku biyun ba wanda ya yi ƙarya.

A layinmu akwai wani mai shago, ɗan ƙaramin shagon tireda ne wanda in mutum biyu sun shiga na uku sai dai ya tsaya a waje. Ranar da abin ya kai min maƙura na je da dare na tsaya ina ta danna waya netwok ya ƙi, gida kuma ana jiran taliya da mai da magi, sai ya ce Malam bar wayar nan haka, me za ka ɗauka. Na ce ai ba kuɗi a hannu. Ya ce na sani, kowa ma ba shi da su. Ya jawo littafi irin na 'yan makaranta mai ganye tamanin ya rubuta sunana ya zuba min kaya a leda. Da ya buɗe littafin na hango sunaye cike da shafi, kusan duk magidantan layin nan suna ciki, har da waɗanda ke fita da mota. Makonni aka yi a haka. Shi ma fa ba wani attajiri ba ne, da safe yake zuwa kasuwa ya roƙi dila ya ba shi kaya a kan amana ya dawo ya raba mana a kan amana. Shekarata nawa ina sayayya a wajen mutumin nan, ban taɓa ɗaukarsa komai ba illa wanda nake miƙa wa kuɗi ya miƙo min canji, sai da kuɗi suka ɓace sannan na san wa nake zaune da shi.

To yanzu a tambaye ni, na gode wa canjin kuɗi? Sam. Tsari ne da aka yi shi ba tare da an shirya ba kuma ya wahalar da talakawa wahalar da ba ta da dalili, mutanen ƙauye da ko asusun banki ba su da shi sun sayar da dabbobi da hatsi a wulaƙance, masu kayan gwari sun yi asara, akwai marasa lafiya da aka rasa kuɗin kai su asibiti. Har gobe in aka tashi maganar zan ce an yi kuskure. Amma a cikin waɗannan makonnin ne na samu abin da nake gode wa Allah a kansa har yau, wato mutumin nan da littafinsa. Abu biyu ne suka faru a lokaci ɗaya, ɗaya bai goge ɗaya ba.

Mu Hausawa muna cewa bayan wuya sai daɗi, kuma magana ce mai kyau, amma in ka koma Suratu Alam Nashraha da duk yaron da ya je makarantar allo ya haddace, ba cewa aka yi bayan tsanani akwai sauƙi ba, cewa aka yi tare da tsanani akwai sauƙi, har aka maimaita sau biyu. Wannan kalmar tare ta daɗe tana min aiki a rai. Domin in bayan ne, sai dai ka zauna kana jiran ranar da wahala za ta ƙare kafin ka gode, mu kuwa a ƙasar nan wata ba ta ƙarewa sai wata ta ɗora, ana gama canjin kuɗi ko numfashi ba a gama saukewa ba aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da take ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta zarce 1000. In jiran bayan wuya za mu yi to da yawanmu sai dai a kai mu kabari ba mu gode ba. Amma in tare ne, to sauƙin yana nan zaune kusa da wahalar a daidai lokacin da ake shan ta, sai dai ido ne ba ya kai wa gare shi don zafin ya rufe shi. Kuma abin da na lura, yawanci sauƙin nan mutum ne, yana da suna yana da fuska.

Haka aka yi a Oktoban 2024 lokacin da kusan duk arewa ta shiga duhu fiye da mako guda, bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna sannan ɗaya layin da ke kawo wuta ta Ugwuaji da Apir shi ma ya samu matsala. Mu da ma mun saba da a kawo a ɗauke, amma wannan daban ne, ko ƙyaftawa babu. Ruwa ya yi tsada don masu rijiyar burtsatse sai sun kunna janareto da man da ya fi dubu, 'yan garuwa suka ƙara kuɗin jarka, injin markaɗe da na niƙa duk suka ƙara, wajen masu cajin waya kuwa kamar ana rabon zakka. Akwai wani gida a bayan layinmu da suke da sola, sai mai gidan ya sa aka jawo waya ta taga aka ajiye benci a waje da soket kusan goma, kowa ya kawo wayarsa da fitilarsa, bai karɓi ko sisi ba, yaransa ne ma ke zama suna gadi kada a musanya wa wani waya. Maman yara ta fito da tsohuwar randar da muka jefa a lungu tun da muka sayi firji, aka wanke aka turara ta, wallahi ruwan da na sha a randar nan ya tuna min gidan kakata, ƙamshin ƙasa da sanyin da ba ya kama haƙori. Da dare kowa ya fito tsakar gida da tabarma don ɗaki ba ya shiguwa, ba talabijin, waya kuma ana tattalin caji, sai ga 'yata ƙarama ta ce Baba yi mana tatsuniya, na buɗe baki na ce ga ta nan ga ta nanku, sai na tarar rabin labarin Gizo da Ƙoƙi ya gudu daga kaina, uwarsu ce ta riƙa cike min. Na gode wa Allah da waɗannan dararen, ba zan ɓoye ba.

Amma ga inda nake so a tsaya a kula. A wannan makon dai akwai wata baiwar Allah a unguwar, mijinta ya rasu, da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya take riƙe da marayu, firiza ɗaya ce jarinta. Duk abin da ke ciki ya lalace, sana'a ta tsaya cak. Ga masu walda a bakin titi sun yi zaune, ga teloli masu keken wuta da aka ba su ɗinkin biki, ga masu ciwon suga da allurarsu ke buƙatar sanyi, ga jarirai a asibitoci. Yanzu in na je wajen matar nan na ce mata Hajiya ki gode wa Allah, ai rashin wutar nan alheri ne, ya dawo mana da tatsuniya da ruwan randa, wallahi na zalunce ta. Ni albashina bai tsaya ba, tatsuniya na samu, ita kuwa abincin 'ya'yanta ta rasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Godiyar da na samu a duhun nan tawa ce, ban da ikon in ɗauke ta in ɗora wa wani a ka kamar haraji.

Nan ne nake ganin ɗan yayata yana da gaskiya. Godiya in ta fito daga bakin wanda ke cikin wahala ibada ce kuma ƙarfi ce. In kuwa ta fito daga bakin wanda ya ƙoshi yana umartar mai jin yunwa, musamman in shi ne ma aka ba amanar abincin, to ta zama wani abu daban, ta zama marfi da ake toshe bakin mutane da shi. Sau nawa muka ji mai muƙami ya fito daga mota mai sanyi, gidansa janareto ba ya mutuwa, 'ya'yansa na karatu a Ingila ko Dubai, ya riƙe makirfo ya ce jama'a su ƙara haƙuri su gode wa Allah don wasu ƙasashen sun fi mu shiga uku. Kuma abin takaici wani lokacin har a kan mumbari ana taya su. Kalmar daidai ce, bakin da ta fito ne ba daidai ba.

Akwai hadisin da aka fi jawowa a irin wannan wajen, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mu dubi wanda yake ƙasa da mu kada mu dubi wanda yake sama da mu, don kada mu raina ni'imar Allah a kanmu. Hadisi ne ingantacce kuma magani ne na gaske, duk wanda ya taɓa kwana yana duba hotunan bikin 'ya'yan masu kuɗi a Instagram ya tashi yana jin haushin ɗakinsa ya san amfaninsa. Sai dai magani ne da mutum ke sha da kansa, ba sanda ba ce da za ka ɗauka ka doki wani. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024 ruwa ya shanye Maiduguri, irin ambaliyar da rabon garin da ganinta tun 1994, na ji mutane iri biyu. Wasu suna cewa to kun gani, ku da kuke kukan tsadar shinkafa ga waɗanda ko gida ba su da shi, sai ku yi shiru. Wasu kuma suka kalli hotunan, suka kalli rufin ɗakinsu, suka ce alhamdulillah, sannan suka buɗe akwati suka fito da atamfa da barguna da ɗan abin da ya sawwaƙa suka kai inda ake tarawa a masallatai. Na biyun nan su ne suka dubi na ƙasa da su yadda ake nufi, don duban ya kai hannunsu aljihu. Na farko kuwa sun yi amfani da musibar mutanen Borno ne kawai don su kashe bakin maƙwabcinsu.

Kuma wai wa ya ce mai godiya ba ya kuka? Annabi Yaƙubu da ya yi alkawarin haƙuri mai kyau, shi ne dai ya yi kukan rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, ya ce yana kai ƙarar baƙin cikinsa ga Allah. Annabi Ayuba da muke buga misali da haƙurinsa ya buɗe baki ya ce cuta ta shafe shi. A Suratun Nisa'i aya ta 148 an faɗa ƙarara cewa Allah ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta, wato wanda aka cuta an ba shi izinin ya ɗaga murya. Ga kuma hadisin da ya ce mafificin jihadi shi ne faɗin gaskiya a gaban shugaba azzalumi. Duk wannan a cikin addinin da ya koya mana alhamdulillah ala kulli halin yake, ba a wani littafi daban ba. Musibar da ta sauko daga sama kamar fari ko mutuwa, wannan sai sallamawa. Amma kuɗin maganin asibiti da wani ya karkatar, ko titin da aka biya kuɗinsa ba a yi ba, wannan yana da mai shi, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ku tuna matan nan masu yin gurasa a Kano da suka fito zanga-zanga a farkon 2024 saboda tsadar fulawa. Iyayenmu ne, masu hijabi, waɗanda na tabbata in ka tare kowacce a cikinsu ranar ka ce Hajiya ya aiki za ta ce da godiya, kuma har zuciyarta take nufi. Amma ga ta a titi da kwali a hannu. Ba su ga wani karo tsakanin biyun ba, kuma babu ɗin. Shi kansa canjin kuɗin ai ba da shiru aka samu sassauci ba, sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. Da kowa ya ce haƙuri kawai, Allah kaɗai ya san inda za a kai.

Sai kuma ƙananan abubuwan da ke ci mana rai kullum, waɗanda ba su kai a kira su musiba ba amma su ne ke cinye yawancin ranar mutum. Goslo a Kurna ko Kofar Ruwa da rana tsaka kana cikin adaidaita sahu an cusa ku, hayaƙi na shiga hanci. Data ta ƙare ana tsakiyar magana. Baƙo ya faɗo ba sanarwa daidai lokacin da aka auna abincin daidai bakin masu gida. Guruf ɗin dangi a WhatsApp kullum da sabuwar gudummawa, yau biki gobe suna jibi an kwantar da wane. Yara sun hana ka barcin rana. Akwai wata dabara da ake yaɗawa wai duk abin da ya dame ka ka juya shi ya zama ni'ima, wai in kana cikin goslo ka gode don kana da abin hawa, in sauro ya cije ka ka gode don kana da jini. Ni gaskiya ban cika yarda da wannan ba, yana kama da wasa da hankali, kuma wani abin ba shi da wani alheri a cikinsa, sauro sauro ne, zazzaɓinsa na kashe mana yara duk damina, abin da ya dace da shi gidan sauro da feshi da gyaran kwata. Ba sai na yi wa kaina ƙarya na ce abu mai ɗaci yana da zaƙi ba. Abin da aka yi mana alkawari shi ne ko ƙaya ce ta soki mumini ana kankare masa zunubi da ita, ba a ce ƙayar ta daina zafi ba.

Abin da nake yi, kuma shi nake ganin ya fi gaskiya, shi ne in bar abin haushin a matsayinsa na abin haushi, sannan in waiga in ga me ke tsaye kusa da shi. A goslon nan akwai ɗan adaidaitan da ya kashe inji don tattalin mai amma da muka sauka bai ƙara mana ko naira ba duk da ya ɓata kusan awa. A guruf ɗin dangin da ke cinye min albashi, su ne dai lokacin da aka yi wa mahaifiyata aiki suka haɗa kuɗin cikin kwana biyu ina zaune a barandar asibiti ban san inda zan dosa ba, alat na ta shigowa daga mutanen da wasunsu rabona da su shekaru. Gudummawar tana da nauyi, har yanzu tana da nauyi, wani watan sai na yi tsaki kafin in tura, amma na san abin da nake biya. Wannan ba juya magana ba ne, lissafi ne na gaskiya, kawai dai an cika shi ne ba a tsaya a rabi ba.

Wani abin da ke damuna kuma, mu da muka fi kowa yawan cewa da godiya, mun fi kowa rowar godiyar ga mutanen da suka cancanta. An ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, amma dubi inda muke kai tamu. Ɗan siyasa ya gina rijiyar burtsatse ɗaya da kuɗin jama'a, kuɗinmu, sai a buga bana da hotonsa, a kira maroƙa, a yi ta muna godiya mai girma, kamar daga gadon ubansa ya ciro. Amma ɗan garuwan da ke turo kura mai jarka goma sha biyu ko fiye a cikin zafin Afrilu, wani lokacin ma da azumi a bakinsa, shi sai dai mu yi masa faɗa don ya makara. Matar da ta tashi tun ƙarfe uku ta hura gawayi don gas ya gagara ta dafa sahur, sau nawa aka ce mata sannu an gode, Allah ya saka? Wasu mazan gani suke in sun faɗa girmansu zai zube. Malamin makarantar allo, ungozoma, nas ɗin da ta kwana a tsaye da fitilar waya, yaron da ke kwashe shara. Godiyarmu tana hawa sama wajen waɗanda aikinsu ne ma su yi kuma ba su cika yi ba, ta tsallake na kusa da suka yi abin da ba dolensu ba. In da za mu juya ta, mu riƙa gode wa na kusa da baki da aljihu, mu riƙa tambayar na sama lissafi, da ɗan yayata bai ga godiya a matsayin abin da ya kashe mu ba.

Da na sake haɗuwa da shi na faɗa masa kusan duk wannan. Na ce dattijon nan mai keke da ya ce da godiya ba takardar yafiya ya sa wa gwamnati hannu ba, shi da Ubangijinsa yake magana, yana cewa na tashi da ƙafafuna, ina da inda zan je, ban miƙa hannu ga kowa ba. Wannan kalmar ce ke riƙe da bayansa ya miƙe, in ka ƙwace masa ita ba ka ba shi wuta ko ruwa ba, ka dai ƙara masa karaya. Kai kuma da kake da ilimi da waya da katin zaɓe, yi ƙorafinka, rubuta, tambayi kansilanku ina kuɗin kwata, amma kada ka bari haushi ya rufe maka ido har ka kasa ganin uwarka da ke cusa maka kuɗin mota a aljihu duk ranar da za ka fita neman aiki. Ya yi shiru, ya ce Kawu zan duba, ban san ko ya gamsu ba.

Mai shagon nan kuwa yana nan, amma shagon ya rame, kantocin da da suke cike yanzu rabi ne. Ran nan na tsaya sayen sabulu muna hira sai na tambaye shi littafin nan na lokacin canjin kuɗi, ya jawo shi daga ƙarƙashin teburi, bangon duk ya yi baƙi da mai. Yawancin sunayen an ja musu layi. Amma akwai waɗanda ba a ja ba, kuma na gane wasu, mutane ne da muke sahu ɗaya da su a masallaci, wasu sun ma sauya shagon da suke sayayya don kada su haɗa ido da shi. Na ce ka bi su mana, haƙƙinka ne. Ya ce Malam na bi wasu, wasu kuma na san halin da suke ciki. Na ce to waɗanda ka san suna da shi fa? Ya ce su nake jira. Na roƙe shi ya bar ni in yi wa mai unguwa da liman maganar ba tare da an kira sunan kowa a bainar jama'a ba, da ƙyar ya yarda, ranar Juma'a mai zuwa bayan sallar isha'i za mu zauna da su.